Wurin koyon damben zamani a Yalwa, ga yaron da ya sha kaye

Idan yaronka ya sha kaye a damben zamani har ya fara cewa ya haƙura, akwai wani ɗan wurin horo a Yalwa, nan Bauchi, da zan ce ka kai shi. Ƙanena na kai, bayan an doke shi a jere ya cusa safar hannunsa ƙarƙashin gado.

Kocin dattijo ne, ba ya hayaniya. Makonnin farko ko buhun naushi bai bar yaron ya taɓa ba, sai tsallen igiya, takun gaba da baya, da ajiye hannu kusa da haɓa. Ƙanena ya dawo yana gunaguni wai rawa ake koya masa. Na ce ya daure, domin ƙafa ce ta ceci Anthony Joshua. A watan Yunin 2019 Andy Ruiz ya kai shi ƙasa sau huɗu a New York, alƙali ya tsayar da wasan a turmi na bakwai. Da suka sake haɗuwa a Saudiyya cikin Disamba, Joshua ya ƙi tsayawa musayar naushi, ya yi ta zagaye Ruiz yana caka masa hagu daga nesa har turmi 12, ya dawo da kambunsa na zakaran duniya da maki.

Wanda kocin ya fi ba yara labarinsa shi ne namu ɗan Nijeriya, Dick Tiger. Ya tafi Ingila a 1955, aka ci shi a wasanni huɗu na farko, bai tattaro kayansa ya dawo ba. A 1962 ya doke Gene Fullmer ya zama zakaran duniya a ajin matsakaita nauyi, a 1963 ya kare kambun a Ibadan. Wallahi na ji daɗi da yaran Bauchi suke jin wannan suna.

Kayan aiki kam da sauran gyara. Safar hannu ta tsufa, karɓa-karɓa ake yi, ƙasan kuma siminti ne. Abin da ya fi damuna ƙarancin hular kariya. Kan yaro ba abin wasa ba ne, kuma na faɗa wa kocin haka. Saya wa naka tasa, da robar haƙora.

Kuɗin wata bai fi ƙarfin talaka ba. Ana farawa bayan La'asar, ana tashi kafin Magariba.