Gwaggo ta rasa kalma, ƙaninki ya rasa linzamin zance

'Yar'uwa, kin ce ƙaninki ya faɗi daga kan babur kansa ya bugu, an sallamo shi bakinsa garau, amma zancensa ba kai ba gindi, ga mantuwa ga saurin fushi. Gwaggonku kuma tun da ɓarin jikinta ya shanye kalma ke gagarar ta. Kina tambaya ko ciwo ɗaya ne. Allah ya ba su lafiya. Ba ɗaya ba ne.

Na gwaggo likitoci suna kiransa afeshiya. Jijiyar jini ce ta toshe ko ta fashe, yawanci a ɓarin hagu na ƙwaƙwalwa inda magana take, shi ya sa sau da yawa hannun dama ke shanyewa tare da bakin. Tun 1861 likitan Faransa Paul Broca ya ba da labarin majinyacin da "tan" kawai yake iya faɗi, alhali yana gane abin da ake ce masa. Mai irin wannan ya san abin da yake so, ya san mutanensa, kalmar ce ta ƙi zuwa.

Na ƙaninki ya fi wuyar ganewa, kuma shi na fi tausaya wa. In kai ya bugu, ƙwaƙwalwa tana kaɗuwa cikin ƙoƙon kai, gabanta ya gogu da ƙashi, siraran jijiyoyi su tsittsinke, wani lokaci ko hoton kai bai nuna ba. Gaban nan kuwa shi ke tattara hankali wuri ɗaya, shi ke tsara abu bi da bi, shi ke hana mutum faɗin abin da bai kamata ba. Kalmomi suna nan, riƙon zancen ne ya kwance. Sai ya katse manya, ya kasa gane wasa ko habaici, ya maimaita tambayar da aka amsa masa yanzun nan. Gwaggo kowa ya gan ta ya san ba ta da lafiya. Shi kuwa sai a ce rashin kunya ya koyo, ko iskoki ne, a yi ta yi masa faɗa kan raunin da ba a gani.

Kulawarsu ma ta bambanta. Gwaggo a yi mata gajeriyar magana, a jira ta, a nuna mata abu da hannu, ban da ɗaga murya, ba kurma ba ce. Shi kuma a kashe rediyo in za a yi magana, a ba shi saƙo ɗaya ya gama kafin na biyu, a rubuta masa abubuwan yini, a bar shi ya huta don gajiya na ƙara rikita shi. Kada ya koma kan babur sai likita ya yarda. Dukansu ku nema musu ƙwararren mai gyaran magana a asibitin koyarwa. In kuwa ciwon kai ya tsananta, ko amai, farfaɗiya ko yawan barci suka biyo baya, ku mayar da shi asibiti a ranar.