Rabin tano ko kwamin siminti, idan da kaji da zabi a garke

Assalamu alaikum. Malam, a kan tambayarka ta zaɓi tsakanin rabin tano, wato gangar ƙarfe da aka raba biyu, da kwamin siminti, tunda kaji da zabi suna kiwo a inda tumakinka ke shan ruwa, shawarata ita ce ka gina na siminti, kuma ka sa magini ya yi masa gangare a gefe ɗaya tun daga gindi har zuwa baki. Duka biyun na yi amfani da su a garkena da ke hanyar Tibiri, don haka abin da na gani da idona zan faɗa maka.

Rabin tano yana da arha kuma ana iya ɗaukarsa daga wannan turke zuwa wancan, iyakar alherinsa ke nan. Tanon lita 200 idan aka raba shi a tsakiya, zurfin kowane ɓari ya haura santimita 40, bangonsa a miƙe yake da santsi, bakinsa kuma siriri ne. Da safe, lokacin da ruwa ya cika maƙil, kaza takan hau baki ta sha ta sauka lafiya. Haɗarin yana zuwa ne bayan azahar, sa'ad da dabbobi suka sha ruwan ya koma rabi, domin dole ta sunkuya ƙwarai kafin bakinta ya taɓa shi, kuma da zarar ƙafa ta zame ba ta da abin kamawa. Gashin kaza da na zabo ba kamar na agwagwa ba ne, yana jiƙewa ya yi nauyi, tsuntsun ya yi ta fafutuka har ƙarfinsa ya ƙare. A wata damina na sa wa kaza ƙwan zabi ta kwanta a kansu kwana 28, na yi ta ɗawainiyar ƴaƴan har suka fara tashi sama, sai ga shi a yini ɗaya na tsamo shida daga cikin tano, uku a mace, sauran ukun kuma sanyi ya ƙarasa su kafin gari ya waye.

Bayan wannan asara ne na gina kwami. Na sa aka yi shi dogo marar zurfi, tsawon mita biyu, zurfin santimita 25, da baki mai faɗi wanda kaza za ta tsaya a kai da ƙafa biyu cikin natsuwa. Gangaren da ke ƙarshensa na hana a shafe shi sumul, aka bar shi da kaushi, aka ja masa layuka da bakin cokalin gini tun simintin yana ɗanye. Wata rana a tsakiyar bazara, irin zafin watan Afrilu da ke haura digiri 40 a Maraɗi, ina zaune a gindin dogon yaro sai jar akuyata ta tunkuɗe wata sagara cikin ruwa. Kafin in miƙe tsaye ta bi bango ta iske gangaren, ta fito tana kakkaɓe fukafukai, ta koma tonon ƙasa kamar ba abin da ya faru. Tun daga ranar na daina tura yara leƙen kwami.

Ka lura da yadda ta bi bango, domin a nan ne mutane da yawa suke kuskure. Tsuntsun da ya faɗa ruwa bango yake bi yana kewayawa, saboda haka sandar da aka jefa ta yi ta yawo a tsakiya ba ta da amfani, juyawa take yi da shi idan ya taka. Matakin tsira dole ne ya manne da bango, ya kai har ƙasa domin ya yi aiki ko ruwa ya ja baya, kuma kada ya miƙe tsaye sosai. Idan gidan haya kake, gini bai kama ka ba, to ka yanka tanon a tsawonsa, ka lanƙwashe bakin, ka ɗaura ragar waya ko katako mai kaushi a gefe ɗaya.

Kwamin ma ba zai wadatar shi kaɗai ba, domin ƙishirwa ce take kai kaji wurin ruwan dabbobi. Ka ajiye musu kasko a inuwa kusa da akurki, ka zuba tsakuwa a ciki yadda ruwan ƴan tsaki ba zai wuce gaɓar yatsa ba. Wannan yana rage kashin kaji a ruwan tumaki. Idan kuwa ka tarar da mushe a kwami, ko na kaza ko na ƙadangare, ka zubar da ruwan duka ka wanke, domin ruɓaɓɓen mushe yana iya haifar da gubar da ke shanye jikin saniya ko tunkiya har ta mutu. Shi ya sa za ka sa a bar rariya mai toshi a gindin kwamin.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da wasu masu sayar da tsofaffin tanoni. Na taɓa sayen ɗaya a kasuwa, mai shi ya rantse man gyaɗa ne aka zuba a ciki, da rana ta doke shi sai warin maganin ƙwari ya tashi, dole na mayar da shi mazubin shara. Duk tanon da aka shafa wa sabon fenti ko aka kankare rubutun jikinsa, ka bar musu kayansu. Magini kuma ka saya masa siminti da hannunka, ka tsaya a yi kwaɓin a gabanka, sannan a riƙa yayyafa wa ginin ruwa har kwana 7, a cika shi a zubar sau biyu kafin dabba ta sa baki.