Wasiƙa daga Indianapolis: wasan da ake ƙayyade wa jarumi abin da zai saya

Assalamu alaikum Yaya, tare da fatan kana lafiya, da iyali da dukkan mutanen Jekadafari. Ka nemi in riƙa ba ku labarin kayayyaki da hidimomin da ake samu a nan Amurka waɗanda babu su a Gombe, shi ya sa wannan karon na zaɓi shagunan wasannin tebur, da wata doka tasu ta kashe kuɗi.

Wasan da nake magana a kai tatsuniya ce da ake haɗuwa a ƙirƙira a kan tebur. Mutum huɗu zuwa shida suna zama, kowa da jaruminsa a rubuce a takarda, jagoran wasa yana bayyana musu daji ko kogon da suka shiga, su kuma suna faɗin abin da za su yi, sannan a jefa ƙwaya irin ta ludo amma mai fuska 20 domin a ga ko an dace. Babu caca a ciki, kada hankalin Baba ya tashi. Dungeons & Dragons ne ya fara fitowa a 1974, daga hannun Gary Gygax da Dave Arneson, sai Pathfinder na kamfanin Paizo ya biyo baya a 2009. Babban taron masu wannan sha'awa, wato Gen Con, a garin nan ake yin sa tun 2003.

Ta fuskar kaya, tazarar da ke tsakaninmu da su mai faɗi ce. Babban littafin ɗan wasa na Dungeons & Dragons yana kai kusan dala 50, ga ƙwayoyi kala-kala, ga ƙananan mutum-mutumi na roba da ake shafa wa fenti. A gida kuwa, mai dara ramuka zai tona a ƙasa ya samo tsakuwa da tsinke, mai ludo ko karta kuma da ɗan canji zai haɗa kayansa a Tsohuwar Kasuwa. Sai dai shagunan nan da yawa suna ba da tebur da kujeru kyauta ko a kan kuɗi kaɗan, domin sun san wanda ya saba zama a wurin ba zai rasa abin saya ba. Wannan kam ba ta fi inuwar darbejiya ta majalisarmu ba, illa na'urar ɗumama ɗaki lokacin hunturu.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne tsarin da ake kira Pathfinder Society, wanda ya fara a 2008, inda mutum zai iya ɗaukar jaruminsa daga wannan shago ya kai shi wani gari ko wata ƙasa, ya zauna da mutanen da bai taɓa gani ba, a ci gaba da wasa. Tun da haka ne, dole a sami hanyar hana wani ya zo da jarumin da ya sha makamai har wuya alhali na kusa da shi sanda kawai ya riƙe. A dokokin bugun farko, kowane sabon jarumi da zinari 150 na cikin wasa yake farawa, takobi na talaka kuma zinari 15 ne, cikakken sulken ƙarfe kuwa 1,500, saboda haka babu wanda zai fara da shi. Ganimar da aka samo a cikin labari ba ta zama ta wanda ya riga ɗauka. Idan an tashi, jagora yana ba kowa takardar shaida mai ɗauke da adadin zinarin da ya samu da jerin kayan da aka gano, ya sa hannu. Na ga wani dattijo ya buɗe jakar fayil cike da irin waɗannan takardu, jagora yana bin lissafinsa da biro layi bayan layi kafin ya bar shi ya zauna.

Tara zinarin ma bai isa ba, domin akwai rufi na biyu. Jarumi yana samun makin shuhura, wanda ba ya wuce biyu a kowane zama na kimanin awa huɗu zuwa biyar, kuma wannan maki ne ke yanke tsadar abin da aka yarda ya saya daga cikin kayan da ba na yau da kullum ba. Mai maki 5 ba zai wuce kayan zinari 500 ba, mai 9 zai kai 1,500, mai 13 kuma 3,000. Takobin sihiri mai ƙarfin mataki na biyu zinari 8,315 ne, mai maki 22 kuwa a 8,000 aka tsayar da shi, don haka saboda zinari 315 sai ya jira har ya kai maki 27, sai dai idan takobin ya fito a takardar shaidarsa. An kuma toshe sauran ƙofofi: abin da ka sayar rabin kuɗinsa za a ba ka, kuma ba a yarda abokinka ya bar maka kayansa ko zinarinsa dindindin ba. Da aka fitar da bugu na biyu a 2019, an rage kuɗin farawa zuwa zinari 15, aka ɗaura sayayya a kan matakin da jarumi ya kai.

Wannan ya tuna mini da ƙoƙarin da dattawan wasu garuruwanmu kan yi na ƙayyade kayan lefe, inda ake yanke adadin akwatuna a bainar jama'a, daga baya kuma ragowar su bi dare su shiga gidan amarya. Bambancin shi ne a nan akwai takarda ga kowane abu, kuma wanda za ka zauna da shi gobe ba ɗan'uwanka ba ne da zai ji nauyin tambayarka.

Amma kada ka ɗauka dala ba ta da ta cewa. Dokar ta tanadi cewa idan kana son amfani da makami ko dabarar da ke cikin wani ƙarin littafi, sai ka mallaki littafin ko kwafinsa na kwamfuta, ka nuna idan an nema, ko da bayanin yana nan kyauta a intanet. Ke nan mai hali ba zai fi ka zinari ba, amma zai fi ka yawan abin zaɓa, kamfani kuma ya sayar da littattafansa. Wannan ɓangare bai kwanta mini ba, duk da na fahimci cewa da cinikin ne ake ɗaukar nauyin tsarin.

Idan yaran gida suna so su gwada, littafi ɗaya da ƙwayoyi sun ishe su, kuma zan aiko da su ta hannun mai zuwa. Sharaɗina kawai shi ne a sami littafin rubutu guda a ajiye a hannun jagora, kowane zinari da ya shiga ko ya fita a rubuta shi. A gaishe mini da Inna da Baba.