Disk Manager ko XTIDE: wanne ya dace da 486 ɗinka?

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce ka samu tsohuwar kwamfuta 486 mai AMI BIOS (manhajar da ke tayar da na'ura) na 1993, ka ɗauki faifan ajiya na IDE mai 2GB ka raba shi ka zuba masa DOS 6.22 a cikin wata kwamfutar Pentium, da ka dawo da shi sai ta rubuta "Starting MS-DOS..." ta tsaya cak. Wasu sun ce ka sa Disk Manager, wasu sun ce XTIDE, kana so a bambanta maka.

Faifanka lafiyarsa ƙalau, matsalar ta lissafi ce. BIOS na wancan zamani da lamba uku yake kiran wuri a faifai: silinda, kai da sakta. Shi ba ya ƙirga silinda fiye da 1024 ko sakta fiye da 63, ita kuma IDE ba ta karɓar kai fiye da 16. Ninka 1024 da 16 da 63 da bait 512, ka samu 528,482,304. Wannan ce iyakar 528MB, wadda FDISK, manhajar DOS ta raba faifai, ke nunawa a matsayin 504MB. Daga wajen 1994 aka fara yin BIOS mai dabarar rage yawan silinda a ƙara yawan kai, kuma da wannan dabarar Pentium ta rubuta faifanka. An auna hatsi da tiyar wata kasuwa, ka zo karɓa da tiyar wata. A farkon faifan lissafin biyu sun zo ɗaya, shi ya sa ka ga rubutun nan, da aka ɗan yi nisa sai suka rabu.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne dukansu aiki guda suke yi: su ƙwace hidimar faifai, wato INT 13h, daga hannun tsohon BIOS su sa tasu. Inda suke zama ne ya bambanta, kuma daga nan duk sauran bambancin ya fito.

Disk Manager na kamfanin Ontrack a kan faifan kansa yake zama, haka ma takwaransa EZ-Drive. Yana shiga saktar farko, ya tashi kafin DOS, ya zauna a memori. Ba ka buƙatar sayen komai, fulofi ɗaya mai lafiya ya isa, kuma kamfanonin faifai da kansu sun riƙa haɗa irinsa a kwali a shekarun 1990. A BIOS za ka zaɓi Type 47, wato zaɓin da ake cika lambobin faifai da hannu, ka cika 1024, 16, 63, sauran aikin nasa ne. Zai ɗan ci wani abu daga 640KB na memorin DOS ɗinka, amma ba abin tayar da hankali ba ne.

Inda yake da wuyar sha'ani shi ne ranar da wani abu ya lalace. In ka tayar da na'urar da fulofi kai tsaye kamar yadda aka saba, bai samu ya tashi ba ke nan, DOS ba zai ga C: daidai ba. Sai ka bari saƙonsa ya fito a allo, ka danna maɓallin da ya ce, sannan ka sa fulofin. In ka manta ka buga FDISK /MBR, wanda a da shi ne maganin farko ga ƙwayar cutar kwamfuta (virus) da ke kama saktar farko, ka share shi gaba ɗaya, faifan ya zama kamar ba komai a kai alhali komai na nan. Ni wannan ya taɓa cina, na kwana ina neman fayilolin da ba su je ko'ina ba. Sannan yana gusa komai da sakta 63, don haka in ka cire faifan ka kai wata kwamfuta don kwafe wasanni, da wuya ta gane shi.

XTIDE Universal BIOS kuwa a jikin na'urar yake zama, ba ya taɓa faifai. Manhaja ce ta kyauta da aka fara don su IBM XT, amma akwai wadda aka tanada wa 286 zuwa sama. Ana rubuta ta a ƙwayar ROM mai 8KB, irin 27C64 ko 28C64, a dasa a ramin da ke zaune fanko a tsofaffin katunan netwok na ISA, kamar 3Com 3C509 ko dangin NE2000. Na'ura na kunnuwa BIOS zai gan ta ya miƙa mata aiki, ta tambayi faifan girmansa da kanta. A BIOS ɗin babban allon na'urar (motherboard) sai ka bar faifai a Not Installed. Fulofi na tashi yadda ka saba, FDISK /MBR ba ya cutar da komai, faifan kuma ka kai shi ko'ina a karanta.

Wahalarsa a gaba take. Sai ka nemo katin, ka nemo ƙwayar, ka saita fayil ɗin XTIDE da manhajar saitinsa, XTIDECFG, kafin a rubuta, ka kuma samu mai na'urar rubutawa irin TL866. Masu gyaran laftof da ke sabunta BIOS kan ajiye na'urar rubutu, amma tambaye su tukuna ko tasu na ɗaukar ƙwaya mai ƙafa 28. Bayan haka ka kunna ramin da manhajar saitin katin, ka ba shi adireshi kamar D000. In kana amfani da EMM386, manhajar DOS mai sarrafa memori, ka ƙara X=D000-D1FF don kada ya taka wurin.

Akwai kuma batun batir. Yawancin allunan 486 na da ɗan batir mai kama da ganga, 3.6V, wanda yanzu ya mutu ko yana tsiyaya. Duk sanda BIOS ya manta saiti saboda mutuwar batirin, Type 47 ya tafi, BIOS ba zai karanta saktar farko ba, Disk Manager ba zai tashi ba sai ka sake cika lambobin. XTIDE bai damu da wannan ba.

Inda suka yi daidai: ko wanne ka zaɓa, sai ka sake raba faifan a cikin 486 ɗin bayan ka sa shi, ka mai da kason farko Active, ka yi FORMAT C: /S. Kuma babu wanda zai ɗage iyakar DOS 6.22 kansa, 2GB ga kowane kaso da kimanin 8.4GB ga faifai duka.

Da ni ne, in faifan zai zauna a ciki ba fita, na sa Disk Manager yau na rubuta gargaɗin fulofi a takarda na manna a jikin akwatin. In kuwa zan riƙa cire shi, ko ina da niyyar komawa katin CompactFlash nan gaba, XTIDE zan nema ko da zai kai ni wata guda. Kafin nan duba batirin, in ka ga koren tsatsa a gefensa yanke shi yau. Duba jamfar faifan ma (ba ta sawa ba, ƙaramin abin saitin da ke jikinsa), domin na Western Digital saitinsu in su kaɗai ne a waya daban yake da na Master. Turo mana hoton babban allon na'urar da na katunan da ke ciki, wataƙila ramin ROM ɗin ma yana nan kana da shi.