Fangali a ƙasa ko shuka a buhu: wanne ya fi dacewa da lambun gida?

Wa alaikumus salam, Hajiya. Kin ce gidan naku ne a cikin Kano, akwai ɗan fili a baya da ba a yi wa daɓen siminti ba, famfo kuma ba kullum yake kawowa ba. Kina so ki san ko fangali za ki yi a ƙasa, ko ki jera buhuna kamar yadda ake ta nunawa a Facebook. A ganina, tunda gidan naku ne kuma ƙasar a buɗe take, fangali ya kamata ya zama tushen lambun, buhu ya zama ciko.

Mu fara da ruwa, don a Kano shi ne ke kashe lambun gida. Ƙasar buhu kaɗan ce, rana kuma tana dukanta ta sama da ta gefe. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi kan kai digiri 40, buhun da aka shayar da safe yakan bushe kafin la'asar, sai an ƙara masa da yamma. Kika yi tafiyar kwana biyu babu mai ba shi ruwa, shukar ta tafi. Fangali yana riƙe danshi, saiwa kuma tana da inda za ta nutsa ta nemi sanyi. In kika lulluɓe shi da busasshiyar ciyawa ko ɓawon gyaɗa, ban-ruwa sau ɗaya da yamma ya isa, da hunturu ma ana iya tsallake rana. Ga mai sayen ruwa a hannun 'yan ga-ruwa, wannan bambanci ne da aljihu zai ji.

Masu lambun rani a Kura da Kadawa ba sa ɗaga fangali sama. Ƙasa-ƙasa suke yin sa, da ɗan tudu kewaye, ruwan da aka zuba ya zauna a ciki. Haka za ki yi daga Oktoba zuwa Mayu. Da damina kuwa sai a juya, a ɗaga shi kamar kunya. A nan ne buhu yake da nasa ƙarfin: a watan Agusta, in filin gidanku irin wanda ruwa ke kwanciya ne, tumatir da attaruhu da ke ƙasa za su ruɓe daga saiwa, na buhu kuwa in an huda gindinsa aka ɗora shi a kan bulo, ruwan wucewa yake yi.

Sai ita ƙasar. Gidaje da yawa, musamman a sababbin unguwanni, cikon jar ƙasa ne da ɓaraguzan bulo da ragowar siminti. Kafin ki yanke shawara, sa a haƙa rami zurfin gwiwa a wuri biyu ko uku, ki duba abin da ya fito, sannan a cika shi da ruwa. In ya tsotse cikin 'yan awanni, ƙasar za ta yi. In ya kwana bai janye ba, ko kuwa duk ɓaraguzai ne, wannan sashen na buhu ne. Mai buhu ita ke haɗa ƙasarta da hannunta: ƙasar gona kashi biyu, ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya, da ɗan rairayi in ƙasar mai danƙo ce. Amma takin buhu saurin ƙarewa yake, duk ban-ruwa yana wanke wani abu, sai ana ƙarawa duk bayan mako biyu ko uku. Fangali wahalarsa ta farko ce, daga nan kowace shekara ƙara kyau yake, muddin ana zuba masa kashin awaki ko na shanu da ya ruɓe. Ki kiyayi ɗanyen kashin kaji a kowannensu, yana ƙona shuka. Takin da bai gama ruɓewa ba kuma gara yake jawowa.

Buhun kansa ba ya daɗewa. Na shinkafa ko na takin zamani, mai cin kilo 50, rana kan cinye shi ya fara yagewa, da wuya ya wuce shekara. Tsohuwar jarka mai lita 25 da aka yanke, ko bokitin da ya fashe, sun fi shi ƙarko.

Abin da za ki shuka shi ma yana da ta cewa. Alayyahu, lalo, rama, yakuwa, latas da albasa mai lawashi, yawa ake bukata kafin su cika tukunya, buhu ɗaya ba zai yi miyar gida ba. Waɗannan na fangali ne. Alayyahu cikin mako 4 an fara yanka. Kuɓewa ma ta fi sakewa a ƙasa, wajen wata 2 ta fara 'ya'ya. Tumatir da attaruhu da tattasai kuwa suna zama lafiya a buhu, gindi ɗaya ko biyu kacal a kowanne. Wata fa'idar ita ce in ciwon nan ya kama su da ke sa saiwa ta yi ƙullutu, shuka ta yi rawaya ta tsumbure, sai ki zubar da ƙasar buhun a nesa ki sake wata. In a fangali ne, ciwon yana zama a ƙasa, dole ki daina sa tumatir da kuɓewa a wurin na wani lokaci. Amma buhu ba ya kare tumatir daga sharon, tsutsar da ta cinye gonakin Kano da Kaduna a 2016, don ta sama take zuwa. Ki riƙa duba ganye, wanda ta shiga ki tsinke ki ƙona. Kuma ko a ina kika sa tumatir, a yi rainon irinsa a Oktoba ya yi fure cikin sanyi, don a tsananin zafi furen zubewa yake.

Duk wannan ba zai yi amfani ba in an ajiye abu a inda bai dace ba, shi ya sa nake roƙonki kada ki haƙa komai sai kin ɗauki yini guda kina kallon filin. Da hantsi, da azahar, da la'asar, ki ga inda inuwar katanga take faɗawa. Da hunturu rana tana karkata kudu, saboda haka gindin katangar kudu yakan daɗe cikin inuwa. Tumatir da barkono suna son rana ta aƙalla awa 6, ki ba su tsakiyar fili. Ganyayyaki suna haƙuri da rabin inuwa. A nan buhu ya fi sauƙi, in wurin bai yi ba a ja shi gaba. Fangali in an yi, an yi.

Faɗin fangali kada ya wuce mita 1, yadda hannu zai kai tsakiya ba sai an taka ba, a bar hanya ta rabin mita tsakani. A sa shi kusa da inda ake ajiye ruwa, nesa da masai da ramin sokawe. Ruwan alwala da na wankin shinkafa kada ya tafi kwata, a yi masa 'yar hanya zuwa gindin gwanda. Na wanki mai omo da bilic kam a bar shi.

Itatuwa babu zancen buhu, ƙasa suke so. Zogale, gwaba da lemun tsami su bi katangar arewa, inda inuwarsu ba za ta rufe fangali da rani ba, ɗaya kuma a yamma ya tare zafin la'asar. Zogale in ya kai ƙugu a sare kansa ya yi rassa, ganye ya zo daidai hannu. Mangwaro da darbejiya ina son su ƙwarai, amma ba a ƙaramin fili ba: inuwarsu za ta cinye lambun, saiwarsu kuma tana neman harsashin gini da sokawe.

In kina kiwon kaji ko awaki, shinge ne farkon abin kashe kuɗi, ko na kara ne ko na waya. Ki fara da fangali biyu da buhu biyar ko shida a wannan kakar, ki ga jarka nawa suke sha a mako kafin ki ƙara.