Ɗanyen nama ko dafaffe: na gwada wa karena duka biyun, ga yadda ta kaya

Jama'a wannan sharhin na masu kare ne, musamman 'yan uwa dake aikin gadi da kare a nan Ingila, dan duk inda muka haɗu sai maganar abincin karnukan nan ta taso. Ni a Birmingham nake, aikin dare nakeyi a wuraren da ake gine-gine, karen nawa Jaman shefad ne baƙi wuluk, Duna muke ce masa, nauyinsa wajen kilo 35. Ɗakinsa na bayan gida, ba a falo yake kwana ba irin na turawa, na faɗa ne tun kafin wani ya fara min wa'azi. Abokin neman abinci ne, ranar da bashi da lafiya nima ranar babu aiki.

Da can busasshen abincin nan na buhu yake ci, sai cikinsa ya riƙa lalacewa, yau lafiya gobe zawo, kuma dama irinsu an sansu da raunin ciki. Likitan dabbobi ya duba bai ga wata cuta ba yace in gwada canza abinci. Toh anan na faɗa duniyar kamfanonin da ake yiwa rajista suna cirar kuɗi a katinka suna aiko maka kwali har ƙofar gida. Kashi biyu ne. Akwai masu ɗanyen nama irinsu Bella & Duke da Paleo Ridge da Natures Menu, akwai masu dafaffe irinsu Butternut Box da Different Dog, a Amurka kuma The Farmer's Dog da Ollie sune sanannu. Ni biyun da na gwada bazan kira sunansu ba, dan ƙorafin da zanyi ya fi shafar tsarin kansa.

Shigarsu duk iri ɗaya ce, zaka cike musu irin karen, shekarunsa, nauyinsa, an dandaƙe shi ko ba'a dandaƙe ba, mai yawan zirga-zirga ne ko ɗan kwanciya, sai su lissafa maka abinda zai ci a rana. Kwalin farko kuma da rangwame mai daɗi, wannan shine ƙugiyar.

Da ɗanyen na fara saboda abokan aiki sun cika min kunne dashi. Yana zuwa ne a daskare cikin robobi, nama da ƙashi da kayan ciki an niƙe su tare, kaza, talo-talo, sa, rago, agwagwa, wani harda tumbi. Gaskiya Duna ya so shi, kafin in juya na rufe ƙofa ya lashe kwanon tas. Kuma abinda ake faɗa akan bayan gidansu gaskiya ne, ya ragu sosai, ya zama ƙanana masu tauri babu wannan warin, wanda duk mai kwashe kashin babban kare da leda da asuba cikin sanyin Janairu yasan wannan ba ƙaramin sauƙi bane. Zawon ya tsaya. Gashinsa ma naga kamar ya ƙara sheƙi amma wannan ban rantse ba, mutum in ya kashe kuɗi idonsa yana ganin abinda yake so. Wani lokacin dai idan aka dace da robar da ƙashi yayi yawa sai kaga kashin nasa ya fito fari yana marmashewa yana ta yunƙuri, sai na haɗa masa da wadda babu ƙashi.

Matsalar ɗanye ba'a cikin karen take ba, a cikin gida take. Ƙa'idar da suke bi itace babban kare yaci kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari na nauyinsa kullum, kare mai kilo 35 kenan zai ci tsakanin giram 700 zuwa kilo ɗaya da ɗan wani abu, ka lissafa na wata guda kaga an doshi kilo 21 zuwa 31 na daskararren nama. Ina zaka zuba? Firizarmu ɗaya ce, ciki akwai kajin uwargida da naman miyarta da kuɓewa da attaruhun data markaɗa ta ɗaura a leda, ranar da kwalin farko ya iso ta tsaya tana kallona tace Baban Ummi wai a ina kake nufin saka wannan abin. Ƙarshe sai da na sayi ƙaramar firiza ta hannu na ajiye a shago na bayan gida, ga kuɗin wuta, wannan duk babu shi a lissafin da suke nuna maka.

Sannan kullum sai ka tuna ka fito da na gobe ya narke a firji cikin roba mai murfi, a can ƙasa dan kar ruwan jinin ya ɗiga kan wani abu, in ka manta toh ka dawo daga aiki ƙarfe shida na safe a gajiye ga kare yana kallonka ga nama kamar dutse. Tumbin kuwa ba wankakke bane irin namu na farfesu, da ɗan sauran abin cikinsa ake niƙawa wai nan amfanin yake, idan ka buɗe robar sai ka rantse ta bayan kwata ka bi da tsakar rana. Kwano daban, cokali daban, soso daban, ruwan zafi da sabulu duk bayan ci, a goge wurin da bilic.

Duk wannan zan iya jurewa. Abinda ya tsaya min a rai shine Ummi, lokacin ta fara rarrafe komai ta samu sai baki, kuma da rana tana fita tsakar bayan gidan inda shima yake zagayawa. Sanyin firiza baya kashe ƙwayoyin cuta irinsu salmonela ko listeriya, kwantar dasu kawai yakeyi, kuma kare zai iya ɗauke dasu yana fitarwa a kashinsa da yawunsa alhali shi garau yake. Ba ƙirƙirar masu sayar da abincin buhu bace kamar yadda wasu ke cewa. Hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna ta Amurka ta gwada samfur 196 na ɗanyen abincin dabbobi tsakanin 2010 da 2012, ta samu salmonela a 15, listeriya a 32. Anan Ingila ma a 2017 mutum huɗu suka kamu da mugun nau'in ƙwayar cutar E. coli, ɗaya ya rasu, binciken hukumar lafiya ya alaƙanta abin da ɗanyen abincin kare, musamman tumbi. Eh masana'antun nan gwamnati na sa musu ido kuma ana gwajin salmonela, amma ɗanyen nama dai ɗanyen nama ne. Gidan da akwai jariri ko mai ciki ko tsoho ko mara lafiyar da garkuwar jikinsa tayi ƙasa, ni bazan bada shawararsa ba.

Sai na koma dafaffen. Shima a daskare yake zuwa amma cikin ledoji shafaffu da suke jeruwa a firiza basa cin wuri sosai, kowace leda an auna ta daidai cin rana. Idan ka yanka ledar kana ganin abinda ke ciki da idonka, niƙaƙƙen nama, karas, dankalin Hausa, ganye, 'yan ƙananan wake, ƙamshinsa kamar na abincin mutane da aka manta ba'a sa gishiri da magi ba. A ƙaramar wuta suke dafa shi sannan su daskarar, dahuwar ce take kashe ƙwayoyin cutar. Uwargida bata ce komai ba da na saka a firjin kicin, wanda a gidanmu wannan ma yabo ne. Na bi ƙa'idar canji a hankali, ana cakuɗa sabo da tsoho ana ƙarawa har wajen sati ɗaya zuwa kwana goma, cikinsa bai motsa ba. Kashin bai kai na lokacin ɗanye ƙanƙanta ba saboda kayan lambun, amma a haɗe yake lafiya lau.

Ga mai aikin dare kuma ya fi sauƙin ɗauka, leda ɗaya a kula da ƙanƙara shikenan, babu fargabar jini ya tsiyaye a but ɗin mota. Af, tunda maganar tazo, ko wanne kake bashi kar ka cika wa babban kare ciki sannan ka fita sintiri dashi ko ka sashi gudu, masu zurfin ƙirji irin Jaman shefad cikinsu yana iya kumbura ya murɗe kuma abin yana kisa cikin awanni, ni raba masa nakeyi biyu kuma sai ya huta.

Laifin dafaffe kuɗi. Wallahi tsada. Mai ɗan mitsitsin kare bazai ji ba, amma kilo 35 da rangwamen ya ƙare naga ainihin abinda suka cira sai da na sake duba alat ɗin, ya fi na ɗanyen nesa ba kusa ba, balle a haɗa da na buhu. Kuma wani ɓangare na abinda kake biya ruwa ne da dankali. Na biyu laushi, baya goge haƙori ko kaɗan, dole ka nemo masa abin gwaigwaya ko buroshi, duk da dai shi ma niƙaƙƙen ɗanyen ban ga wani gogewar da yayi ba, sai in kana bada ƙashi guda. Dafaffen ƙashi kuwa kar ma ka fara, tsagewa yakeyi ya huda hanji.

Abu biyu da ya kamata ka duba ko wanne ka zaɓa. Na farko a jikin ledar ka nemi inda aka rubuta complete, wato yana da duk sinadaran da kare ke buƙata bisa ma'aunin FEDIAF na Turai, a Amurka AAFCO. Da yawa daga haɗin nan na 80:10:10, nama tamanin ƙashi goma kayan ciki goma, complementary ake rubuta musu, ba'a yisu dan su zama abinci su kaɗai ba, kuma ga ɗan kwikwiyo na babban iri kuskuren sinadarin kalsiyam yana lalata ƙashi. Na biyu alade. Duka ɓangarorin suna da girkin alade kuma in ka barsu su zaɓa maka zasu iya haɗo shi a kwalin, ni tun ranar farko na cire shi, amma duk lokacin da zasu aiko sai na sake leƙawa dan wani zubin in wani ɗanɗano ya ƙare musanya maka sukeyi.

Shi kansa tsarin cirar kuɗin sai da lura. Akwai ranar da in ta wuce baka dakatar ba kwali ya taho ko firizarka a cike take. Na taɓa dawowa na tarar mai kawo kaya ya ajiye na ɗanyen a rana lokacin zafi, na saman sun fara saki, sun dai mayar min da kuɗin waɗannan bayan na tura hoto. Fita daga rajistar kuma ɗayansu dannawa ɗaya ne a manhaja, ɗayan sai da suka yi ta jana da tayin rangwame kafin su sake ni.

Yanzu dai dafaffen nake kai amma rabin tsari, rabi shi rabi busasshe mai kyau, likitan ya amince tunda dukansu cikakku ne, kuɗin ya sauko inda zan iya kuma zawon bai dawo ba. In maki ne ɗanye zan bashi 4 cikin 5 a wajen kare, 2 a wajen mutanen gida, dafaffe 4 a duka biyun sai dai aljihu. Wani abokin aikina da yake zaune shi kaɗai da ƙatuwar firiza a gareji har yau ɗanye yake ba tasa karyar kuma tana nan ɓul-ɓul, wanda yanayinsa irin nasa ne bazan hana shi ba, ya dai sayi safar hannu da roba mai murfi kafin kwalin farko ya iso.