Mita ɗaya, 'yan haya biyu: ina za ka ajiye bayanan kowane tafinta a C?

Wata Asabar wani ƙanena a sana'a ya same ni a Aboabo ta Kumasi, laftof a hammata. Ya rubuta wa wani Alhaji mai sarin goro manhajar lissafi. Ƙashin bayanta yaren C ne, dokokin farashi da rangwame kuwa ya sa su a Lua, wani yaren da ake sakawa cikin manhaja, don a riƙa sauya su ba sai an sake haɗa manhajar ba. Wata shida komai lafiya lau. Da Alhaji ya buɗe shago na biyu a Kejetia, yaron ya ƙara tafinta na biyu a cikin manhajar (interpreter, wato ɓangaren da ke karanta Lua yana aiwatarwa), sai rasit ɗin Aboabo ya fara fitowa da bashin Kejetia.

"Yaya, wallahi ban taɓa komai ba."

Na ce ya nuna min inda ya ajiye manunin (pointer, wato adireshin) rumbun bayanai. Ga shi can saman fayil, static, wato gurbi guda ɗaya tal ga manhajar gaba ɗaya. Tafinta na biyu yana tashi ya danne manunin na farko da nasa. Duk wanda ya zauna gidan haya mai mita ɗaya a Zangon Kumasi ya san irin wannan rigimar: wani na guga, wani na biya.

To, wuraren ajiya suna da yawa, kuma kafin ka zaɓa akwai tambayar da ta fi ta sauri muhimmanci: ranar da tafinta ya mutu, wa zai share kayansa?

Shi static ɗin mun gama da shi. Ya dace ne kawai da abin da ba ya canzawa. Wasu sukan gudu zuwa _Thread_local, wanda ya shigo C a 2011 kuma yake ba kowane zaren aiki (thread) nasa gurbin, suna ganin sun tsira. Ba su tsira ba. Zaren aiki daban, tafinta daban. A Tcl, wani yaren da shi ma ake sakawa cikin manhajar C kamar Lua, kowane tafinta na zare ɗaya ne, amma zare ɗaya yana iya riƙe tafinta goma, kuma duk goman za su ci daga akushi ɗaya.

Hanya ta gaba ita ce ka rataya bayanan a wuyan umarnin da kansa. A Tcl, lokacin da kake rajistar umarni da Tcl_CreateObjCommand, akwai gurbin clientData, kuma duk kiran da aka yi wa umarnin za a miƙo maka shi a hannu, ba bincike. A Lua takwaransa shi ne ƙimar da ake ɗaura wa aikin C da lua_pushcclosure, har guda 255, kuma luaL_setfuncs yana raba ƙima ɗaya ga tarin ayyuka a lokaci guda. Sauri kam babu kamarta. Amma a Tcl akwai rami. A ce umarni biyar suna riƙe da tsari ɗaya, kai kuma ka sa sharewar a kan na farko. Mai rubuta sikirif yana da ikon goge wannan umarnin da rename, kuma yana gogewa sauran huɗun sun koma riƙe da manunin gawa. Sai dai ka riƙa ƙidaya masu riƙewa da kanka, ko ka nemi Tcl_Preserve da Tcl_Release. Ana yi, amma aiki ne, kuma irin aikin da ake mantawa da shi ƙarfe biyun dare.

Wadda na fi so ita ce ajiya a jikin tafintan kansa. Tcl_SetAssocData yana karɓar abu huɗu: tafinta, suna, aikin sharewa, da bayanan. Daga ko'ina ka riƙe tafinta, Tcl_GetAssocData zai dawo maka da su, kuma ranar da aka rushe tafintan, Tcl da kansa zai kira aikin sharewarka. Kuɗinta shi ne ɗan binciken suna a kowane kira, wanda mai buga rasit ba zai taɓa ji a jikinsa ba. Ka dai kula da sunan. In laburare biyu suka zaɓi suna ɗaya, na biyu zai hau kan na farko shiru, don haka sa sunan kunshinka, kar ka sa "data". Ni kaina nakan haɗa biyun: clientData don sauri, amma mallaka da sharewa na AssocData ne shi kaɗai.

Lua tana da rajista, tebur da C ke isa gare shi ta LUA_REGISTRYINDEX. Maganin karon suna a nan yana burge ni: ka ɗauki adireshin wani static naka ka mai da shi mabuɗi, da lua_rawsetp da lua_rawgetp, waɗanda suka zo a 5.2. Ba wani laburare da zai taɓa samun adireshi irin naka. Abin lura, manuni tsirara ba mai share shi. In kana son lua_close, mai rushe tafinta, ya rufe maka rumbu, sai ka sa manunin cikin cikakken userdata mai __gc, wato ma'ajin da Lua ke riƙewa tare da aikin sharewarsa. Kar kuma ka yi wayon buɗe teburinka kana amfani da adireshin L (manunin da Lua ke miƙa wa aikin C) a matsayin mabuɗi, domin kowane coroutine, wato ƙaramin zaren aiki na cikin tafinta, da nasa L, alhali rajistarsu ɗaya.

Akwai kuma lua_getextraspace, daga Lua 5.3 ta 2015: ɗan gurbi mai girman manuni ɗaya a jikin L. Na mai gida ne, wato manhajar da ta ɗauki Lua. Mai rubuta laburaren da zai shiga manhajar wasu ya bar shi, ɗaki ɗaya ne.

Masu Python, naku yana cikin modul: ku faɗi girman bayanan a m_size, ku ɗauko da PyModule_GetState. Tun da 3.12 ta 2023 ta ba da damar kowane tafinta ya sami nasa GIL (makullin da ke sa zare ɗaya kaɗai ya yi aiki a lokaci guda), modul mai ɓoye kaya a static ba zai shiga wannan tsarin ba.

Shi ƙanen nawa rajista muka zaɓa, da userdata mai __gc, tunda yana da niyyar ba wani abokinsa a Nima laburaren. Gyaran bai kai layi talatin ba. Muka tada tafinta biyu, muka rubuta bashin sidi 500 a Kejetia, muka buga rasit a Aboabo, ya fito fes. Muka rufe na Kejetia, na Aboabo bai ko girgiza ba. Ya ce zai saya min waakye, na ce ya fara kiran Alhaji tukuna.